Tafin Takalmi

A Iten asuba ba ta jiran zakara.
Sanyi ke tashinmu,
hazo na kwance a kwarin Kerio kamar madarar da ta kwana,
mu kuwa tuni mun hau jar hanya,
ƙafa ɗari, numfashi ɗaya.

Takalmin ƙafata na yayana ne, Kimaru.
Ya bar mini shi ranar da ya hau motar Eldoret,
ya ce, "Jesang, wannan ya san hanya, ki bi shi kawai."
Na bi shi damina biyu.
Na wanke, na shanya a bakin rumbun masara,
na ɗinke bakinsa da zaren buhu.
Daga sama, wa zai ce ya tsufa?

Ƙwauri ne ya fara magana.
Na ce tsami ne, zai wuce.
Gwiwa ta amsa masa,
na ce sanyi ne.
Sai ga agara ta tare ni a tudu na uku
kamar mai bin bashi,
na tsaya ina kallon bayan 'yan'uwana
har ƙura ta haɗiye su.

Ranar kasuwa na ɗingisa zuwa rumfar Kibowen,
tsohon da ya bar gudu amma gudu bai bar bakinsa ba.
Bai dubi fuskata ba.
Ya kife takalmin a tafin hannunsa,
ya karanta shi kamar wasiƙa.

"Kin ga nan? Gefen dunduniya ya cinye.
Kina taka ƙasa a karkace,
shi kuma ya daina gyara miki."
Ya danna sosonsa da babban yatsa,
ramin ya zauna, bai taso ba.
Ya murɗe shi kamar tsumma, ya murɗu.
"Takalmi daga ciki yake mutuwa, 'yata,
fuskarsa tana dariya.
Duk dukan da ya daina sha,
ƙashinki ke shansa."

Na miƙa hannu ga wani ja mai walƙiya.
Ya buge hannun.
"Ido ba ya gudu.
Je ki dawo da yamma, in ƙafa ta kumbura ta faɗi gaskiyarta."

Na dawo da yamma.
Ya sa na gwada biyar da safar da nake gudu da ita,
ya auna faɗin yatsa tsakanin farcena da bakin takalmi,
ya kora ni har gindin sandar lantarki in dawo.
Na huɗun toka-toka ne, mummuna,
amma dunduniyata ta zauna a ciki
kamar ƙwai a sheƙa.

Ya ɗaga harshen takalmin,
ya rubuta kwanan wata da biro.
"Ki riƙa ƙirgen tafiyarsa.
In ya kai kilomita ɗari bakwai, fara zarginsa.
In jiki ya riga lissafi magana, ki bi jiki.
Kada ki kai sabo gasa ranar farko,
baƙo sai ya kwana ake saninsa.
In kin sami hali ki yi biyu,
ɗaya na hanya, ɗaya na hutu."

Kuɗin kaji uku na ajiye masa.
Sati biyar ban yi gudu ba,
sai tuwon masara, shayi, da kallon hanya.

Jiya na haye tudu na uku,
babu wanda ya tare ni.

Da dare Kimaru ya kira,
ya ce, "Takalmina fa, har yanzu ya san hanya?"
Na leƙa waje.
Ga shi a ƙafar kakarmu Tapsabei,
igiya a kwance, dunduniya a take,
ta nufi garke da gorar nono.
Na ce, "Ya sani.
Hanyar ce dai ta gajarta."